Sodangi da Kamshaf Mai Tozo

Duk Kankia, daga bakin tasha har bayan kasuwa, kowa ya san in injekta, na'urar auna wa inji mai, ta dami mai mota cire ta ake yi, a ɗaura kabureta a huta. Haka na bar garin, haka kuma na dawo na tarar da shi bayan shekarun da na kwashe a Fatakwal ina gadin ƙofar wasu. Mutum ɗaya ne kaɗai ya gano cewa duk jama'ar nan a kan ɓata suke, shi ne taubashina Sodangi, ɗan kawuna, direban akori-kura, wanda in yana ba da labarin tuƙinsa sai ka rantse shi ya koya wa titin Katsina miƙewa.

Sana'ar Sodangi ɗaya ce, da ita yake ci da gidansa. Duk ranar kasuwa zai je Kaikai ya kwaso matan ruga da kindirmonsu, ya biyo ta Kusada ya sauke su a Kankia, da yamma ya mai da su. Jagorarsu Adda Karima ce, wata doguwar Bafulatana mai harshe kamar aska. Motar da ta shiga ita sauran ke shiga. Ga kuma Jaji, wani dattijon direba mai tsohuwar akori-kura irin tasa, ya daɗe yana lasar baki a kan wannan jigila.

To, a kasuwar da ta wuce kabureta ta shaƙe wa Sodangi a tsakiyar hanya, sai da matan suka sauko suka tura. Da motar ta tashi Adda ta kakkaɓe hannu ta ce, "Kaɗo, mu nono muke saidawa, ba ƙarfi ba. Aradu in na ƙara sa hannuna bayan motar ga, to daga ranar cikin ta Jaji za ka gan ni."

Washegari ina zaune a teburin mai shayi, don tun da na dawo ba ni da aikin da ya wuce kallon manyan motoci suna wucewa ina jin kamar in ɗafe ɗaya, sai ga Sodangi ya faɗo mana da waya a hannu.

"Jama'a, ku shaida. Injekta zan sa!"

Har mai shayi sai da ya tsaya da juya kofi.

"Cirewa za ka yi ko sawa?" in ji Jaji.

"Sawa, Baba Jaji, sawa. Kabiru, kai da ka ga duniya hwaɗa masu, a Turai akwai sauran mai kabureta?"

Na ce, "Ni Fatakwal na je, ba Turai ba."

"Ai duk bakin teku ne." Ya ja benci ya zauna a kan gefen rigar wani. "Kabureta tsohuwa ce mai zuba miya da ido, yau ta cika gobe ta rage. Injekta kuwa ƙwaƙwalwa gare ta, ita ke auna mai ɗigo-ɗigo. Duk na kalla cikin waya. Abin da Bature ya yi shekaru yana koyo, ni kahin cajina ya ƙare na haddace."

Jaji ya kurɓi shayinsa. "In dai ƙwaƙwalwa za a sayo, Sodangi, ba motar ce ta hi buƙata ba."

Aka kwashe da dariya. Sodangi ya ce ai dariyar nan ita aka yi wa wanda ya fara hawa keke a garin nan, ya ja hannuna muka nufi garejin Shehu.

Shehu bakanike ne da bai taɓa ce wa mai mota a'a ba. In ka kawo masa kan keken ɗinki ka ce ya ɗaura maka a inji, abin da zai tambaye ka kawai shi ne gaba ko baya. A bayan garejinsa akwai tarin kayan injektar da ya ciccire wa mutane, wayoyi da nozul da ƙwaƙwale, awaki na kwana a kai. Sodangi ya kori wata akuya, ya zaro saiti guda, ya hure kashin awakin da ke jiki, ya ce wannan ko ranar da aka ƙera shi bai kai haka kyau ba.

Da aka buɗe kan inji sai aka ga wata sabuwa. Kamshaf, sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi-ƙusumbi da ke buɗe bawul tana rufewa don inji ya shaƙa ya fitar, ya cinye ya side, ya koma sumul kamar muciya.

Shehu ya ce, "Wanga kam ya gama aikinshi. Sai ka tahi Kano."

"Wane iri zan sayo?"

"Irin da ka ga ya yi maka."

Kano ma da ni aka je, tunda zama ya ishe ni. A kasuwar kayan mota wani Bakano mai shago ya shimfiɗa buhu ya jera mana kamshaf uku masu shiga injinmu. Ya fara tambaya, "Wace irin ƙwaƙwalwa ka sa? Kuma kaya kake ɗauka ko..."

Sodangi ya ɗaga masa hannu. "Malam, ubana a kara ya tsuhwa, dillancin shanu muka gada. Ba a gaya mana dabba, mu ke gaya wa mutane."

Ya tattare riga ya tsuguna. Na farko ya shafa shi, ya latsa ƙusumbin da babban yatsa, ya taɓe baki. "Maraƙi." Na biyu ya zagaya ta bayansa ya leƙa da ido ɗaya yadda Kawu ke leƙen cinyar saniya. "Karsana ce, ba laihi, amma ba ta ja garma." Da ya zo kan na uku sai ya tsaya cak. Ƙusumbinsa manya ne, masu faɗi, sun tashi ɓul-ɓul. Sodangi ya dafa shi da tafin hannu, ya ɗan bubbuga, ya dube ni ido ya kawo ruwa.

"Kabiru, dubi tozo! Sa da tozo ake saninshi. Wanga bajimi ne."

Mai shago ya dubi ƙurar da ta daɗe kwance a kan bajimin, ya dubi Sodangi, sai na ga sauran tambayoyinsa sun koma ciki. Ya ce, "Alhaji ka san kaya. Daga Beljiyam ya zo, a motar 'yan tsere aka ciro shi. Abu ɗaya ne, ba ya son tafiyar sannu."

"Wa ya ce maka sannu na zo saye?"

Aka yi ciniki irin na kara, da riƙe hannu da fizgewa da albarka da sallamawa. Sodangi har ya nemi a ba shi igiya, wai ba a sayen sa a tafi hannu sake. Ya saɓa kamshaf a bayan wuya, ya rataya hannuwa a kai kamar makiyayi da sandarsa. Kafin mu kai tasha ya tuɓe wa mutum biyu hula, ya bar wa wani mai farar shadda tambarin baƙin mai a kafaɗa.

Ranar da za a tayar da inji sai ka ce suna ake a garejin Shehu. 'Yan teburin shayi duk sun zo, Jaji ya taho da kujerarsa. Sodangi ya yi bisimilla ya murza makulli.

Motar ta yi tari, ta yi atishawa, sannan ta ɗauka: gur, gur, ɓat! gur-gur, ɓat-ɓat! Duk jikinta ya kama rawa. Sifanun da aka ajiye a jikin motar suka yi ta tsalle suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Kofin Shehu ya yi tafiyarsa shi kaɗai har bakin bonet ya faɗa ƙasa. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa, awaki suka ƙetare katanga.

Sodangi ya leƙo ta taga yana ihu, "Kun ji haniniyar ingarma?"

Ya ɗage ƙafa daga totur don ya fito ya karɓi barka. Motar ta mutu.

Ya sake tayarwa, ya ɗage ƙafa, ta mutu. Ya sake, ta mutu.

Jaji ya ce, "Ingarman naka hwa, da ka sauka sai ya suma?"

Shehu ya sosa ƙeya da sifana. "Ba ta da silo, ba ta aiki a hankali in ba a taka mata ba. Ƙwaƙwalwar ta rikice, ta ga iska na shiga ba yadda ta saba ba, sai ta yi ta ambaliya da mai."

"Ba rikicewa ba ce, mamaki take," in ji Sodangi. "Ba ta taɓa ganin kamshaf irin wanga ba. Za ta saba."

Da ta ƙi sabawa sai ya yanko robar tsohon tif na taya, ya ɗaure totur da ita ya ja ya maƙale a ƙarƙashin sitiyari, yadda ko ya ɗage ƙafa injin ba zai sauka ba. Ya ce wannan dabara ko a waya babu ita. Shehu ya ce shi ma bai taɓa gani ba, kuma wannan karon gaskiya ya faɗa.

Ya kai ta ƙofar gida ya bar ta tana ruri, wai tana koyon numfashi. Ba a jima ba sai ga mata da 'yan mata sun yi layi da kwanoni da ƙore, wannan da dawa, waccan da jiƙaƙƙen wake. Labari ya zaga unguwa cewa Sodangi ya sayo injin niƙa. Matarsa Fiddausi ta leƙo daga zaure ta ga layi ya kai lungu.

"Maigida, ka karɓa mana. Tun da aka kawo ni gidan ga ban taɓa ganin motar ga ta tara masu biya haka ba."

"Ke mi kika sani game da injekta?"

"Na san tulun ruwana ya tsage, kuma kajina sun koma gidan maƙwabta."

Ranar kasuwa da sassafe muka kama hanyar Kaikai, ni a gaba kusa da shi. Tun muna nesa da ruga karnuka suka taso, shanu suka miƙe tsaye. Matan na ƙarƙashin wata kuka da jarkoki da bokitai masu murfi, cike da kindirmon da ya kwana ya kama. Can gefe kuma ga motar Jaji, wai ya zo gaida wani abokinsa ne ya tarar ba ya nan.

Adda ta zagaya motar tana kallon yadda ƙarafunan bodi ke kaɗawa.

"Kaɗo, masassara take?"

"Ƙarhi ne ya yi mata yawa, Adda, ya rasa mahita."

"Mi ka ba ta ta sha?"

"Ilimi."

Ta ce, "To ji nan. Bokitan ga na Hajiya Hadijatu mai hura ne, suna ake a gidanta yau, ni ta amince wa. Kindirmo jinjiri ne, a kwance yake so a kai shi. In ka tashe shi, ni da kai ne."

"Adda, kahin ya san an ɗauke shi mun isa."

Wasu mata uku da suka ga yadda madubin motar ke karkarwa suka sulale da kayansu zuwa wajen Jaji. Adda ta harare su. Ita ta riga ta ce ta ba Sodangi dama, kuma ba ta haɗiye magana. Aka loda, ta hau baya ta zauna a tsakiyar bokitanta, sauran suka kewaye ta.

Sodangi ya sa giya ya saki kuloci a hankali, yadda ake yi in an ɗauko nono. Motar ta yi ƙugi ta mutu, roba da komai. Ya sake, ta matsa taku ɗaya ta mutu. Ashe bajimin nan ba ya da ko ƙarfin ɗan akuya sai inji ya kai ƙololuwa.

Jaji ya ce daga inuwa, "In turi za a yi a hwaɗi tun rana ba ta yi ba."

Adda ta naɗe hannuwa a ƙirji.

Gumi ya keto wa Sodangi. Ya danne totur har ƙasa, injin ya yi ƙara kamar ana yanka shi, sannan ya zare ƙafa daga kuloci gaba ɗaya. Motar ta yi tsalle. Ƙeyata ta gaisa da gilashin baya, hular Sodangi ta fita ta taga ba ta dawo ba. A baya aka ɗauki salati, muka ratsa gefen gonar gero muka fito da zangarniya maƙale a bamba.

"Ka ga tashi?" in ji shi. "Jirgi ma haka yake yi."

Tsakanin Kaikai da Kusada akwai wata ƙorama mai yashi. Duk direban da ya san hanyar a giya ta ɗaya yake shiga, ya bar mota ta ja kanta sannu-sannu. Tamu kuwa ba ta san sannu ba, an gaya mana tun a Kano. Muka faɗa da gudu, yashi ya riƙe ta, inji ya fara shaƙewa. Sodangi ya taka kuloci ya ba ta wuta, ya saki, tayoyi suka haƙa rami suka zauna a ciki.

Ba ya iya kashewa, don bai tabbata za ta tashi ba. Ba ya iya cewa mata su sauko su tura, don ya san abin da ke bayan haka. Sai ya dube ni.

"Taubashi, jini ya hi ruwa kauri."

"Yashi ya fi su duka."

Na dai sauka. Manoman da ke aiki kusa suka ajiye fartanya suka zo, muka yi ta turi, ita kuwa tana tsaye wuri ɗaya tana kaɗawa kamar mai bori. Matan da ke sama 'yan kunnensu na ƙara, haƙoransu na haɗuwa, jarkoki na buga juna, bokitai na rawa a kan ƙarfe. Adda ta buɗe baki za ta yi zagi, zagin ya fito guntu-guntu.

"Ka-ka-kaɗo, Al-lah ya i-i-isa!"

Muna cikin haka sai ga Jaji ya gangaro, tafiya kamar ta jakin mai itace. Ya shiga yashi ta gefenmu, motarsa na ɗan gunaguni, ya fita ta ɗaya gefen. Matan ukun nan na zaune a baya, ɗaya har gyangyaɗi take. Ya ɗaga mana hannu.

"Sannunku da hutawa."

Ba mu gama haɗiye wannan ba sai ga garken shanu ya gangaro shan ruwa. A gabansu wani farin sa ne, ƙato, tozonsa ya kwanta gefe don girma. Ya ji rurin motar, ya tsaya. Motar ta yi gur-gur-ɓat, shi ma ya amsa. Ta ƙara, ya tono yashi da kofato ya watsa a bayansa. Makiyayin ya yi ta kira, ina! Manoma suka watse, ni ma ban san lokacin da na hau wata bishiyar da ko sunanta ban tsaya tambaya ba. Farin san nan ya sunkuyar da kai ya taho, ya zuba wa ƙofar baya ƙaho. Fitila ta tarwatse, motar ta yi gaba, ya ƙara mata na biyu, sai ga ta ta fita daga rami ta haye gaɓa.

Na diro na bi ta da gudu na faɗa ciki. Adda ta leƙo ta taga, ɗankwali a karkace.

"An dai tura ka, Kaɗo!"

"Ba hannunki ba ne, Adda! Sharaɗi bai karye ba!"

Da muka hau kwalta bayan Kusada, nan bajimin ya farka. Inji ya kai inda yake so, rawa ta ɗauke, motar ta miƙe kamar an harba kibiya. Gonakin dawa suka koma kore guda, itatuwa suka riƙa wucewa ba a gane su. Muka hango Jaji a gaba, kafin in ce ga shi mun bar shi a baya. Sodangi ya fitar da kai ta taga.

"Baba Jaji, a gaida kabureta!"

A baya mata na ta kalmar shahada. Adda ta samu ludayi tana dukan rufin mota da shi, ƙwal-ƙwal-ƙwal.

Na ce, "Cewa take ka rage."

"Kai ba ka san Hilani ba. Kiɗa take mani."

Rufin kwanon Kankia ya fara ƙyalli a gabanmu. Sodangi ya gyara zama, ya ce bari ya shiga da natsuwa don mutane su ƙare masa kallo. Ya ɗage ƙafa daga totur. Roba ta ce ba ta san zancen ba. Ya taka birki. Birkin ya tsaya ƙiƙam kamar dutsen niƙa, don ashe da zuƙar inji yake samun taimako, kamshaf kuwa ya cinye rabin zuƙar, roba ta ƙarasa sauran.

"Kabiru."

"Na'am."

"Kawo ƙahwarka."

Muka haɗa ƙafa biyu a kan birki, muka miƙe tsaye a cikin mota. Ta ɗan rage, kamar mai tunanin ko ta saurare mu, sannan ta ci gaba.

"Kashe makulli!"

"In na kashe ba ta tashi!"

"To wa ya ce maka tashi muke nema?"

Ya buge mini hannu. Muka wuce inuwar dogon-yaron da matan ke sauka, inda Hajiya Hadijatu ke tsaye da masu ɗaukar mata kaya tana jira. Ta ɗaga hannu, Adda ma ta ɗaga mata, aka rabu a haka. Sodangi ya karya kan mota ya shiga tasha. 'Yan kamasho suka watse, mai rake ya bar baro, mai ƙosai ta ɗauke kasko da hannu ba tsumma. Muka zagaya bayan motocin Kano muka fito ta gaban teburin shayi. 'Yan teburi suka miƙe.

"Sodangi, an iso lahiya?"

"Gwaji nake!"

Muka sake zagayowa.

"Har yanzu gwajin ne?"

Sodangi ya sake karya sitiyari. A zagaye na gaba ya hango tarin yashin masu buga bulo a gefen tasha, ya rufe ido ya nufe shi. Motar ta nutsa hanci a ciki har gilashi, ta yi ɓat, ta yi wata 'yar ajiyar zuciya, ta yi shiru. Kankia ba ta taɓa jin daɗin shiru irin na ranar ba.

Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Matan suka sauko suna tangaɗi, wata ta zauna a ƙasa ta dafa ta da hannu biyu don ta tabbatar ba ta motsi. Jama'a suka kewaye mu, kasuwa ta dawo tasha. Sodangi ya fito ta taga, ya kakkaɓe yashi daga gemu, ya dubi rana.

"Ku dai hwaɗi gaskiya, an taɓa isowa daga Kaikai da wuri haka?"

Hajiya Hadijatu ta ratso taron tana haki. "Adda, ina kindirmona? Baƙi sun cika gida, an dama hura tun ɗazu ana jira."

Adda ta juya wajen kayanta. Ta jawo bokiti ɗaya ta ɓalle murfi.

Babu kindirmo. Wani tsararon ruwa ne fari-fari, tsala tsagwaronta, ga curin man shanu rawaya yana yawo a sama kamar ƙwai. Ta buɗe na biyu, haka. Aka kwance bakin jarkoki, sai da aka sa tsinke aka zaƙulo man da ya toshe su. Abin da mace ke wuni tana kaɗawa a gyanɗama har kafaɗa ta yi tsami, motar Sodangi ta gama shi tsakanin ƙorama da tasha, na ruga guda.

Wani daga baya ya fara dariya, sai ta kama kamar wutar kara.

Hajiya ta tafa hannu. "Tsala zan ba surukaina ranar suna?"

Daidai nan Jaji ya shigo tasha, ya tsaya cak a gindin dogon-yaro, ya kashe mota da yatsa biyu. Matan ukun suka sauke bokitansu suka buɗe. Kindirmo na kwance lumui, ko tsaga bai yi ba. Hajiya ta juya ta nufe su ba ta ko waiwayo ba.

Adda ta bi ta da kallo har ta ɓace. Sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta juyo kan Sodangi a hankali.

Ya yi sauri ya ce, "Adda, ba ki dai tura ba."

"Ban tura ba."

"To sharaɗi..."

"Jaji!" ta ɗaga murya. "Daga yau kai ke ɗaukarmu, zuwa da komawa."

Jaji ya cire hula ya mayar. "Yadda kika ce, Adda."

Sodangi ya bi ta yana magiya, ya ce saura ɗan gyara kaɗan, ya ce ƙwaƙwalwar ce ba ta gama sabawa ba, ya ce ta tuna da iyali, ya ce shekara da shekaru ana tare. Ta bar shi sai da yawunsa ya ƙare.

"Ban ce na kore ka ba, Kaɗo. Akwai aikin da ka iya, duk ƙasar ga ba na biyunka. Ka kawo motar ga ruga, ka ajiye gindin kuka, ka tashe ta. Ba inda za ka. Mu jera gyanɗamominmu a baya, mu tahi mu yi wani aikin. Kahwaɗunmu sun huta."

Tasha ta sake rushewa. Mai shayi ya riƙe ciki, Shehu bakanike da ya iso a makare ya ce shi dama tun farko ya ga alamar injin zai yi kyau da wannan.

Sodangi ya hau kan tarin yashi don kowa ya gan shi. Ya buga ƙirji. Ya ce shi direban babbar hanya ne ɗan dillalin kara, ya ce mai injekta ba ya zama maburgin mata, ya ce ko zai ci ƙasa ba za a ga motarsa gindin kuka tana kaɗa nono ba, a rubuta a ajiye. Da ya ga mutane sun fara komawa kan cinikinsu, sai ya sauko, ya zagaya ta bayan motar Jaji inda Adda ke ɗaure murfin bokitai. Ina kusa, na ji shi ya rage murya.

"Adda, da sahe ne ko da marece?"

Adda ta miƙe tsaye, ta juya fuskarta wajen teburin shayi, ta buɗe murya yadda ake kiran saniyar da ta yi nisa.

"Da sahe, Kaɗo! Kuma kada ka manta da robar!"